Ka Sauka a Badagishiri

Malbaza, yau Talata, bayan azahar.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da shirin tafiya. Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya tsare ka a hanya, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka sauka.

Ni dai alhamdulillahi. Tarin yana nan, amma jiya ya bar ni na yi barci. Ƙafafun ne suka ƙi. Ta hagu ta kumbura har takalmi ba ya shiga, salla ma a zaune nake yi. Hannu yana rawa, za ka gani a rubutun, ka yi haƙuri da shi. Matar Malam Idi maƙwabcina ta aiko da kunu da safe, na sha rabi.

Ka ce yau za ka zo mu yi bankwana kafin motarku ta tashi ran Alhamis. Na sa an share gindin itacen bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro, an shimfiɗa tabarma. Za ka ce, me ya kawo takarda ga mutumin da za a gani ido da ido? Na san kaina ne. Ran Juma'a kana zaune gabana magana ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Tun ina saurayi nake haɗiye magana, ba na zaton yau zan sake hali. Shi ya sa nake rubutawa, in ka zo in sa maka a hannu. Ka karanta kafin ka hau mota, Haruna. Kafin, ba bayan ba.

Bari in tuna maka ran Juma'ar. Ka zo daga Ƙonni da radiyonka mai kaset, ka gaya mini ka samu aikin gyaran manyan motoci a Arlit. Na yi murna. Na tambayi matarka Rakiya da yara, sai ka ɗaure fuska, ka ce ta yi yaji, tana gidan ubanta a Badagishiri tun kafin a gama girbi.

Na ce, "Ka tahi biko?"

Ka ce, "Baba, ni ban kore ta ba. Ƙahwar da ta kai ta, ita za ta maido ta. In na isa Arlit na natsu, sai in rubuto mata."

Na ce, "Ta kwashe kayanta?"

Ka ce, "Ina hwa! Ko ludayi ba ta ɗauka ba. Har akuyarta mai ciki ta bar mini ɗaure, kullum ni ka nema mata harawa."

Daga nan ka ce in saurari wata waƙa da ka sayo a tashar Ƙonni, ta wani mai gurmi, wadda ka ce duk direbobi ita suke sawa yanzu. Ka danna, ka jingina da itace kana dariya. Ka ce, "Baba, ji halin mata. Shekara da shekaru tana ci tana sha, ba a buge ta ba, ba a zage ta ba, ta tashi ta tahi, kuma ita ka kuka!"

Ka ga na zubar da shayi a riga, ka tambaya ko zazzaɓi ne. Na ce hannu ne. Ba hannu ba ne.

Waƙar nan ta innarka ce. Habsu ce ta yi ta, a gidan nan, bisa turmin da har yau yake kife a bayan ɗaki. Mai gurmin ya ƙara mata kiɗa da 'yan kalmomi don ta yi tsawo. Ban san ta bakin wa ta isa gare shi ba. Waƙar daka haka take, mace ta ji ga mace, ta tafi da ita gidan aure, wata ta ji can. Amma gindin waƙar nata ne, kuma mutumin da ke ciki, wanda ka ce bai yi laifin komai ba, ni ne. Kai ba ka san ta ba don lokacin daka kana lakwal, makarantar boko, daga baya kuma kana kwaleji a Tawa, kuma uwa ba ta irin wannan waƙa gaban ɗanta.

Ga yadda ta fara, kamar yadda ka ji:

Turmin gidan ga ya san ni,
taɓarya ta san hannuna,
mai gida bai san muryata ba.

An kai ni lakwal ina ƙarami, ba da son ubana ba. An ce kowane gari ya ba da yaro, aka ba da ni. A can aka koya mana mu ɗauki waƙar Nasara mu feɗe ta layi-layi: me ya sa ya ce kaza, me yake nufi da kaza. Waƙoƙi ne a kan ƙanƙara da itatuwan da ban taɓa gani ba. Na iya abin ƙwarai, har mushe, yadda muke kiran malami da duk ɗan boko, yana ɗaga takardata ya nuna wa aji. Ban taɓa tunanin abin da mace ke rerawa a kan turmi shi ma yana da abin feɗewa ba.

Alhali na ga yadda ake yi a gidanmu. Kakarka, in ranta ya ɓaci, ba ta tsayawa gaban kakanka ta faɗa. Sai ta zuba hatsi a turmi ta fara. Shi kuma yana zaure yana tufka igiya, kamar ba ya ji. Ba ya amsawa da baki. Amma washegari za ka ga an gyara rufin da ke yoyo, ko ka ga ya je gaida surukarsa da ya daɗe bai je ba. Ita ba ta ɗaga masa murya ba, shi bai ji kunya gaban kowa ba, kuma magana ta isa. Haka suka zauna har mutuwa ta raba.

Ni kuma da muka ƙaura nan Malbaza, na kama aikin akawu a luzin siminti, masana'antar garin nan, sai na koyi barcin rana irin na mutanen buro, ma'aikatan ofis. In na taso tsakar rana na ci abinci, sai in kwanta kafin a koma. Daidai lokacin ne innarka ke dakan tuwon dare. Wata rana na leƙo na ce, "Habsu, ba a iya dakan ga shiru?"

Ta ce, "Malam, turmi ba shi shiru."

Na ce, "To a kai shi bayan ɗaki."

Da hannuna na mirgina shi. Ta bi ni da taɓarya a kafaɗa. Tun daga ranar, muryarta ta bango nake jin ta, sama-sama, kamar ta gidan wani. Kalmomin sun shiga kunnena har na haddace su, kamar yadda mutum ke haddace kukan tallar mai nono. Ban taɓa tsayawa na ce, wai da wa take ba.

To ka ji, ɗana. Rakiya ba ta daka kamar innarka, kuna kai wa inji. Amma tana da nata turmin. Wataƙila ga yara take faɗa tana kallon wani wuri, wataƙila ga akuyar nan take faɗa kana jin ta. Matan ƙasarmu ba a koya musu su tari miji gaba da gaba ba, kuma mu ne muka so haka. Tun da mu muka so haka, nauyin sauraro a kanmu yake. In ka ji tana magana da abin da ba ya amsawa, ka ajiye abin da ke hannunka.

Sai baiti na biyu:

Na dasa bedi bakin ƙohwa,
na ba shi ƙasari sahe da marece,
inuwa ta kai, baƙi ka zama.

Bedin da ka jingina da shi kana dariya ne. Ka san ƙasar Malbaza, duwatsu ne. Innarka ta yi kwanaki tana haƙa ramin da guntun ƙarfe. Ruwa yana wuya lokacin, sai ta riƙa hana awaki ƙasari, ruwan da ta wanke hatsi, tana zuba masa. Ta kewaye shi da ƙaya. Ni kullum ta gefensa nake wucewa, ina kaffa-kaffa kada ƙayar ta kama mini wando.

Da ya yi inuwa, sai ya zama wurin zamana da abokan aiki. Ran Lahadi mu yi shayi, mu buga karta, mu yi ta Faransanci. Ita tana ciki tana dafa mana. Wata rana wani sabon shugaba da aka turo daga Yamai ya zo gaishe ni. Ya ɗaga kai ya yaba itacen, ya ce wa ya yi wannan ƙoƙari a kan dutse? Na ce ni ne. Innarka tana durƙushe tana ajiye kwanon abinci. Ba ta jin Faransanci, amma ta ga ya nuna itace, ta ga na dafa ƙirji. Ta gyara murfin kwanon, ta tashi ta shiga.

Ƙaramin abu ne, za ka ce. Ni ma haka na ce. Me zai rage ni in da na ce, uwargidana ce? Gaskiyar ita ce kunyarta nake ji gaban mutanen nan. Matansu malaman lakwal ne da ungozoman likita, tawa tana da tsage a fuska, ba ta san rubuta sunanta ba. Matar da ta haifa mini ku, ta yi jinyar uwata har ta cika a hannunta. Ban taɓa ce mata, zo ki zauna ki sha inuwar abin da kika dasa ba. Ban tuna na taɓa ganin ta zaune a nan ba ko sau ɗaya. Yanzu baƙin duk sun watse, wasu sun mutu, wasu sun koma garuruwansu. Ni kaɗai nake zama.

Za ka je Arlit, za ka haɗu da masu albashi da matansu 'yan birni. Kada ka auna Rakiya da su. Abin da ta yi da hannunta, ka faɗa da bakinka cewa ita ta yi, kuma ka faɗa inda za ta ji. Na san ɗakin da ka gina a Ƙonni, rabin tubalinsa da kuɗin ƙosanta aka yi. Ban taɓa jin ka faɗa ba.

Baiti na uku ne ya fi yi mini wuyar rubutawa. Na ajiye alƙalami na sha ruwa tukuna.

Ran da munka rasa ƙarama,
ni na kwana riƙe da zanenta,
shi ya kwana riƙe da radiyo.

Ƙaramar ita ce ƙanwarka Ladi, wadda ƙyanda ta ɗauke. Kana iya tuna ta, mai giɓin nan da ke bin ka har bakin lakwal tana kuka a tafi da ita. Abin da waƙar ta faɗa haka aka yi. Da muka dawo daga maƙabarta mutane suka watse, na shiga ɗakina na kunna radiyo. Ban san me ake faɗi a ciki ba. Na kunna ne don kada in ji kukan innarka, domin na san in na ji shi nawa zai fito. Bayan sadakar uku na sa wandona na koma buro. Mutane suka yi ta yabona, suna cewa Mushe Alhasan akwai haƙuri, akwai tawakkali.

Ba haƙuri ba ne. Makonni na yi ina shiga magaza, ɗakin ajiya, in ce zan duba kaya, in laɓe bayan buhunan siminti in yi kuka har numfashina ya sarƙe. In fito in wanke fuska a famfo. Buhunan siminti sun ga hawayena, uwar yarinyar ba ta gani ba. Ita a ganinta ita kaɗai aka yi wa mutuwa a gidan. Ta tafi kabarinta da wannan zato, kuma ni na bar ta da shi.

Haruna, bara da damina kun rasa jinjiri. Kana hanya aka yi, ka dawo ka tarar an rufe shi. An gaya mini ka tsaya bakin ƙofar ɗaki ka ce, "Allah shi ba mu haƙuri," ka fita ka koma gareji. Da na ji haka na san inda ka koya. Ban san wace mota ka shiga ƙarƙashinta ka yi naka kukan ba, amma na san ka yi. Rakiya ba ta sani ba. Kuka ba ya karya tawakkali, malamai ma sun faɗa. Ka bar ta ta sani. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka zauna kusa da ita ka kira sunan yaron, ka ce kai ma kana tuna shi. Ina zaton yajin nan daga can ya taso, ba daga maganar cefane da ka gaya mini ba.

Waɗannan baitoci uku na san su tun da daɗewa. Na huɗun ban taɓa jin sa ba sai ran Juma'a, daga radiyonka, domin ba a gidan nan ta yi shi ba. Kafin in rubuta shi sai na gaya maka yadda ta tafi, don abin da na faɗa maka kana yaro ba daidai ba ne.

Ba mu yi faɗa ba. Wata safiya bayan girbi ina aski gaban madubi, ta tsaya bayana ta ce, "Malam, zan tahi Bazaga in gano gida." Na ce to, ban juyo ba. Da na taso tsakar rana na tarar ta bar mini miya a tukunya bisa murhu, zanen da take salla da shi yana shanye a igiya, kayan ɗakinta duk suna jere. Mako ya wuce, wata ya wuce. Sai kawunka Mamman, wanta, ya aiko ta bakin 'yan kasuwa cewa Habsu tana gida lafiya. Bai ƙara komai ba.

Na gane. Kada ka ce ban gane ba. Ni da kaina na sha raka abokai biko. Na san macen da ta gama da gida ba ta barin ko tsintsiya, wadda ta bar kayanta kuwa hanya ta bar wa miji. Na san abin da ake yi: ka nemi dattijo, ka sayi goro, ka je ka durƙusa. Amma sai na dubi kaina, akawun luzin, mai alƙalami a aljihu, wai in je in tsuguna a ƙasa gaban manoma suna yi mini faɗa. Na ce ai yanzu zamani ya ci gaba. Na zauna a buro na buga mata takarda da keken rubutu, da Faransanci, na ce ta dawo ɗakinta kafin ƙarshen wata, na sa hannu. Har ina jin daɗin yadda na tsara ta. Na ba wani direbanmu da ke bi ta can.

Direban ya tsaya a ƙofar gidan, mutane suna zaune, ya miƙa wa Mamman ya ce daga mijin Habsu. A Bazaga takarda iri ɗaya ce miji ke aiko wa matar da ta yi yaji. Kafin a nemo mushen lakwal ya karanta, mata sun cika gidan suna yi mata jaje an sake ta. Da mushen ya zo, yaro ne sa'an ɗanta, ya tsaya tsakar gida ya juya musu da Hausa, kowa yana ji. Aka ce to, ba saki ba ne, sammaci ne. Bayan shekara ashirin da wani abu na aure, abin da na aika mata ke nan.

Direban ya dawo mini da amsar Mamman. Ya ce, "Ka ce mishi mun ji. Ka ce mishi hanyar Bazaga ba ta ƙaura ba."

Na yi fushi. Na ce ni na nema, su suka ƙi. Na zauna ina jira ta gaji ta dawo. Kai kuma da ka zo hutu na ce maka innarka ta gaji da zaman gari ne. Kana zuwa wurinta, kana dawowa da ƙullin daddawa da busasshiyar yakuwa, ka ce Inna ta ce a kawo gida. Ba ta taɓa cewa a kai wa wane ba, kuma ni kaɗai ne a gidan. Na ci. Ban tambayi kaina me ya sa macen da ba ta so na take aiko mini irin daddawar da ta san ina so ba. Ba ta nemi saki ba, ban ba ta ba. Kowace shekara in ce bayan damina, in ce bayan salla, in ce in aiki ya yi sauƙi. Damina huɗu aka yi haka, sai aka aiko ta rasu.

Ranar na je. Kana nan, amma kana cikin gida wurin mata, ba ka ji wannan ba. Na tuɓe takalmi a ƙofar Mamman, na durƙusa. Ya daɗe yana duban ƙafafuna, sannan ya ce, "Ashe suna tahiya."

Duk da haka, shekarun nan da abu ɗaya nake lallashin kaina. Ina cewa ko da na je ba za ta dawo ba, zuciyarta ta riga ta fita. Da wannan nake samun barci. Sai ran Juma'a mai gurminka ya ce:

Na tahi gida ban ɗau komi ba,
na bar tukunya bisa murhu,
na bar zanen salla bisa igiya.
Ina jiran ƙahwa, sai ga takarda.
Takarda ba ta sallama,
takarda ba ta tuɓe takalmi.

Jira take yi, Haruna. Duk lokacin nan jira take yi. Tana dakan gidan wanta tana kallon hanya, ni ina nan ina kallon tawa hanyar, tsakaninmu tafiyar da motar siminti ke yi kafin shayi ya huce. Kai ka ji waƙar mace mara godiya. Waƙar macen da ta yi duk abin da aka koya mata ne don a zo a ɗauke ta, ba a zo ba. Zanen yana cikin akwatina har yanzu.

Yanzu ka dubi naka. Rakiya ba ta ɗauki ko ludayi ba. Ta bar maka akuya mai ciki. Ka taɓa ganin macen da ta gama da miji ta bar masa akuya mai ciki? Ta bar ta ne don kullum da safe in ka je ba ta harawa ka tuna da mai ita. Kai kuma ka ce in ka isa Arlit za ka rubuto.

Motar da za ta kai ka, in ta bar Ƙonni ta karya a Tsarnawa, ta tsakiyar Badagishiri za ta bi. Ba ratse za ka yi ba. Ka sauka. Motocin Tawa ba sa yankewa, wata za ta ɗauke ka washegari, kuma aikin da kwana ɗaya zai kashe ba aiki ba ne. Ka sayi goro mai kyau, fari, kada ka yi ƙwauro. Ka saya mata turmin zane, ba don zanen ba, don kada ta fito gaban 'yan'uwanta hannu sake. Surukinka wataƙila yana fadama wurin dashen albasa. Kada ka bi shi can, ka jira shi a ƙofar gida, mutane su gan ka kana jira. Wannan jiran nata ne, shi ne zai wanke ta a gari. Ka tuɓe takalmi tun daga nesa.

Za su yi maka faɗa. Za su faɗi abin da ka yi da wanda ba ka yi ba. Kada ka kare kanka, ba kotu ba ce. Ka ce, "Na yi kuskure, a yi mini haƙuri." Surukarka za ta iya ce maka Rakiya ba ta nan, alhali tana bayan zana tana jin numfashinka. Kada ka yi zuciya. In sun ce ka dawo gobe, ka kwana a garin ka dawo. In an ba ku wuri ku biyu, kada ka fara da zancen Arlit. Ka fara da yaron. Daga baya ka tambaye ta ko za ta bi ka can in ka samu ɗaki, ko za ta zauna Ƙonni tukuna. Tambaya na ce.

Ban ce lalle za ta dawo ba. Ban san abin da ke tsakaninku duka ba, kuma ita ma mutum ce, tana da nata ra'ayi. Amma in ta ƙi bayan ka je, za ka iya ɗaukar wannan. Wanda ba a iya ɗauka shi ne nawa.

Na san abin da za ka ce: ga mai hana aika takarda ya aiko takarda. Gaskiyarka. Ita kaɗai na iya, kuma ka ga inda ta kai ni. Ka yafe mini ƙaryar da na yi maka a kan innarka. In ka sake sa kaset ɗin, ka yi mata addu'a. Ba na hana ka sauraro, muryarta ce ta rage a duniya ko da a bakin wani.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe. Allah ya sa albarka a aikinka, ya ba ka abokan zama na gari. Allah ya daidaita tsakaninka da iyalinka, ya raya mini jikokina. Allah ya jiƙan Habsu da Ladi da ɗan jinjirinku, ya haskaka kabarinsu. Ka riƙe salla. Na yafe maka duniya da lahira.

Mahaifinka,
Alhasan

An yi la'asar, an yi magariba, ba ka zo ba. Duk motar da ta rage gudu a bakin titi sai in ɗaga kai. Na dafa shayi ya huce, na sake ɗorawa. Na san shirin tafiya da yawa, ban riƙe ka a zuci ba.

Malam Idi zai je kasuwar Ƙonni gobe, zai kawo maka wannan har gareji. Na kuma roƙe shi wani abu, ya ce ba ni da hankali, na ce na sani. Ran Alhamis da sassafe zai sa ni a motar 'yan kasuwa zuwa Badagishiri. Ba a zuwa biko ba dattijo, kuma ba ka da wani sai ni. Takalmi dama ba ya shiga, an rage mini aiki. Zan zauna a bakin tasha inda masu albasa ke sauke kaya, goron yana hannuna, kada ka saya. In motarku ta tsaya za ka gan ni. In ta wuce, ni ma zan gan ta.

Matar Malam Idi ta leƙo ta ce ko a naɗe tabarma, tun da baƙon bai zo ba. Na ce a bar ta tukuna.